Mudu Biyu a Kasuwa Ɗaya: Launin Fata da Awon Ƙwaƙwalwar 'Yan Wasa

A ranar 25 ga Agustan 2020, wasu tsofaffin 'yan wasa biyu, Kevin Henry da Najeh Davenport, suka shigar da ƙara a kotun tarayya da ke birnin Filadelfiya na Amurka. Dukansu baƙaƙen fata ne, dukansu sun ci abinci da ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, wasan nan da ƙarti ke sa hular kwano suna karo kamar raguna, kuma dukansu sun taɓa sa rigar ƙungiyar Pittsburgh Steelers. Ƙorafinsu shi ne hukumar wasan, wato NFL, tana auna lalacewar ƙwaƙwalwar tsofaffin 'yan wasanta da mudu biyu. Idan farar fata ya zo neman diyya sai a ɗauko wannan, idan baƙi ya zo sai a ɗauko wancan. An gina mudun baƙin ne a kan zaton cewa tun kafin ya fara wasa ƙwaƙwalwarsa ba ta kai ta fari ba, saboda haka sai ya nuna lalacewar da ta zarce ta abokin wasansa kafin a yarda cewa ya yi hasarar wani abu.

Labarin ya faro ne shekaru 18 kafin wannan ƙara, kuma ɗan Najeriya ne ya buɗe shi. A watan Satumban 2002 aka kai gawar Mike Webster ofishin binciken gawarwaki na Pittsburgh. Webster farar fata ne, ya yi kakar wasa 17 a NFL, ya ɗauki kofin gasar sau huɗu, amma ya mutu yana da shekara 50 bayan ya shafe shekaru cikin mantuwa da ruɗewa, har ya kai ga kwana a cikin motarsa. Likitan da aikin ya faɗo wa shi ne Bennet Omalu, ɗan asalin jihar Anambra, wanda ya karanci likitanci a Jami'ar Najeriya ta Nsukka, ya tafi Amurka a 1994. A ido, ƙwaƙwalwar Webster lafiyarta lau. Da Omalu ya sa aka yanka ta siriri-siriri aka duba da madubin likita, sai ga wani sinadari mai suna tau ya taru ya dunƙule a cikinta, irin abin da aka saba gani a ƙwaƙwalwar tsofaffin 'yan damben zamani. Ya wallafa sakamakon a mujallar Neurosurgery a 2005, ya kira cutar da sunan da aka fi sani yanzu a taƙaice, CTE.

Cutar ba baƙuwa ba ce ga likitoci. Tun 1928 wani likita a New Jersey, Harrison Martland, ya bayyana yadda 'yan damben da suka daɗe suna shan naushi ke tafiya da magana kamar masu maye, kuma sunan CTE ɗin kansa ya girmi Omalu, abin da fim ɗin da Will Smith ya fito a matsayinsa a 2015 bai damu ya fayyace ba. Sabon abin da ya kawo shi ne nuna ta a kan ɗan ƙwallo, a wasan da ya fi kowane kawo kuɗi a Amurka. Likitoci uku na kwamitin da NFL ta kafa a 1994 don nazarin girgizar ƙwaƙwalwa suka rubuta wa mujallar suna neman a janye maƙalar. Shugaban kwamitin, Elliot Pellman, ƙwararre ne a ciwon gaɓoɓi. Mujallar ta ƙi. Sai a Maris ɗin 2016 wani babban jami'in hukumar ya amsa a gaban 'yan majalisar dokokin Amurka cewa akwai alaƙa tsakanin wasan da cutar. Shekara guda bayan haka, Ann McKee da abokan aikinta na Jami'ar Boston suka ba da rahoton samun CTE a 110 daga cikin ƙwaƙwalen tsofaffin 'yan NFL 111 da suka bincika, ko da yake iyalan da suka ga alamun ciwo ne suka fi ba da gawarwakin nasu.

Kafin nan maganar ta riga ta koma ta kuɗi. Tsofaffin 'yan wasa fiye da 4,500 sun kai ƙara, kuma a Agustan 2013 aka yi sulhu a kan dala miliyan 765. Mai shari'a Anita Brody ta ƙi sa hannu don tana shakkar kuɗin za su isa. Aka cire iyakar, ta amince a Afrilun 2015, yarjejeniyar ta fara aiki a Janairun 2017, za ta kuma ɗauki shekara 65 tana biyan mutanen da yawansu ya haura 20,000. An yanka wa kowace cuta farashinta, mafi tsada dala miliyan 5.

A nan gizo ke saƙar. Ba a iya tabbatar da CTE sai bayan mutum ya mutu an buɗe kansa. Wanda ke raye kuma yana kukan mantuwa, sai dai a zaunar da shi a yi masa gwajin tunani: a karanto masa jerin kalmomi a ce ya maimaita bayan ɗan lokaci, a nuna masa hotuna ya faɗi sunayensu, a ba shi takarda ya haɗa lambobi da haruffa da layi ana duba agogo. Makin da ya samu shi kaɗai ba ya cewa komai. Abin da ake son sani shi ne nawa ya ragu daga yadda yake a da, kuma kusan babu ɗaya daga cikin waɗannan mutane da aka taɓa yi wa gwajin yana saurayi. Don haka sai a yi kirdado: a kwatanta shi da matsakaicin makin lafiyayyun mutane masu kama da shi a shekaru da zurfin karatu da jinsi. Jadawalin da aka fi amfani da shi na Robert Heaton ne na Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego, kuma bugunsa na 2004 ya ƙara rukuni na huɗu, wato fari ko baƙi.

A ƙaddara 'yan wasa biyu, sa'o'in juna, sun gama jami'a ɗaya, sun yi shekaru ɗaya suna karo a fili ɗaya, kuma suka ba da amsoshi iri ɗaya a gwajin. Farin za a kwatanta shi da rukunin da matsakaicinsa ke sama, sai a ga ya faɗo ƙasa sosai, a rubuta masa cutar mantuwa, a biya shi. Baƙin za a kwatanta shi da rukunin da aka ajiye matsakaicinsa a ƙasa, sai a ga bai yi nisa da inda ake zaton ya taso ba, a ce lafiyarsa ƙalau. Kusan haka ta faru da masu ƙarar. Likitan da ya fara duba Davenport bai yi amfani da rukunin launi ba, ya same shi da cutar, sai NFL ta ɗaukaka ƙara tana neman a sake lissafin da jadawalin baƙaƙe. Henry kuwa, wanda ya yi kaka takwas a Steelers, gwajin farko ya nuna ya cancanta, aka ƙi biyansa, aka sake wani da jadawalin launi, sai ya fito bai cancanta ba. Wannan a wasan da mafi yawan masu buga shi baƙaƙe ne.

Adalci ne a faɗi cewa waɗanda suka ƙirƙiro jadawalin ba su yi shi don hana kowa diyya ba. Likitoci sun lura gwaje-gwajen da aka auna a kan fararen fata suna lakaba wa lafiyayyun tsofaffi baƙaƙe cutar mantuwar da ba su da ita, sai suka nemi gyara. Kuskuren shi ne ɗaukar launi a matsayin dalilin giɓin. A 2002 Jennifer Manly ta Jami'ar Columbia ta nuna cewa idan aka auna yadda mutum ya iya karatu a zahiri, maimakon ƙirga shekarun da ya yi a aji, mafi yawan bambancin da ke tsakanin tsofaffi baƙaƙe da farare yana raguwa ƙwarai. Shekara goma a makarantar baƙaƙe ta kudancin Amurka kafin hukuncin 1954 da ya haramta wariya a makarantu ba daidai take da shekara goma a makarantar farare ba. Abin da jadawalin ya auna tarihin makaranta da talauci ne, aka liƙa masa sunan launi, sannan aka ɗauki maganin da aka haɗa don kare mara lafiya aka miƙa wa mai biyan kuɗi.

Dabarar tana da kakanni. A tsakiyar ƙarni na 19 wani likita a Louisiana mai kare bauta, Samuel Cartwright, ya yi iƙirarin cewa huhun baƙar fata bai kai na fari ba, wai don haka aikin tilas alheri ne gare shi. A 1869 Benjamin Gould ya wallafa awon huhun sojojin yaƙin basasar Amurka da ya ba wannan zance rigar lissafi, kuma daga baya aka saka gyaran launi a cikin na'urorin awon numfashi da kansu. A 1999, a Baltimore, kamfanin Owens Corning ya nemi kotu ta bari a auna huhun ma'aikata baƙaƙe da ƙurar asbestos ta lalata da wancan ƙaramin mudun don ya rage diyya. Alƙali ya ƙi. Haka ma lissafin aikin ƙoda, wanda ke nuna ƙodar baƙi ta fi yadda take lafiya har ya jinkirta masa shiga layin dashe, sai a Satumban 2021 manyan ƙungiyoyin likitocin ƙoda na Amurka suka cire launi daga ciki.

Afirka ma ta sha nata kason a zamanin mulkin mallaka. A Kenya, a farkon shekarun 1930, wani likitan gwamnati, F. W. Vint, ya auna ƙwaƙwalen gawarwakin 'yan ƙasa, ya yanke cewa ta baligin Ba'afirke ba ta wuce ta yaron Bature ɗan shekara bakwai ko takwas ba. A 1953 Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta buga littafin J. C. Carothers a kan tunanin Ba'afirke, mutumin da ya kamanta lafiyayyen Ba'afirke da Baturen da aka yi wa tiyata aka datse gaban ƙwaƙwalwarsa. Wanda ya tsaya ya ƙaryata shi da hujja shi ne Thomas Adeoye Lambo, likitan ƙwaƙwalwa na asibitin Aro da ke Abeokuta, wanda daga baya ya zama mataimakin babban daraktan wannan hukuma.

A Filadelfiya, Brody ta kori ƙarar Henry da Davenport a Maris ɗin 2021, amma ta umarci ɓangarorin su zauna su sasanta batun. NFL ta dage cewa ba ta taɓa tilasta amfani da jadawalin ba, sai dai wasiƙun da gidan talabijin na ABC ya bankaɗo sun nuna wasu likitocin shirin sun fahimci cewa in ba su yi amfani da shi ba za a yi watsi da sakamakonsu. Wani tsohon ɗan wasa, Ken Jenkins, da matarsa Amy Lewis suka kai wa kotun takardar koke mai sa hannun mutum 50,000. A watan Yuni hukumar ta ce ta daina, babban lauyan 'yan wasan, Christopher Seeger, wanda a da ya ce bai ga alamar wariya ba, ya fito ya nemi gafara, kuma kotu ta amince da sabon tsari a Maris ɗin 2022. Zuwa Agustan wannan shekara an sake lissafa gwajin baƙaƙe 646. Ba a sake yi wa kowa tambaya ko ɗaya ba, amsoshinsu na da aka ɗauko. Kusan rabinsu suka fito da cutar: 61 suka cancanci kuɗi, wasu kimanin 250 suka cancanci ƙarin kulawar asibiti.

Mai karatu a Birnin Kebbi zai iya cewa wannan rigimar Amurkawa ce, a nan kowa baƙi ne. To amma hujja mafi ƙarfi a kan cewa baƙi ba rukunin ƙwaƙwalwa ba ne daga Najeriya ta fito. A 1992 Benjamin Osuntokun na Jami'ar Ibadan da Hugh Hendrie na Jami'ar Indiana suka fara bibiyar tsofaffi 'yan shekara 65 zuwa sama, Yarabawa a Ibadan da baƙaƙen Amurka a Indianapolis, da ma'auni iri ɗaya. Sakamakon da aka wallafa a 2001 ya nuna cewa a kowace shekara kashi 1.35 cikin 100 ne ke kamuwa da cutar mantuwa a Ibadan, a Indianapolis kuwa kashi 3.24. Launi ɗaya, tushe kusan ɗaya, amma ninki biyu da ɗoriya. Masu binciken sun karkata ga bambancin abinci da hawan jini da ciwon suga da sauran yanayin rayuwa. Wani binciken da aka yi a Zariya aka buga a 2011 ya sami cutar a kusan kashi 3 cikin 100 na tsofaffin da aka duba.

Abin da ya fi wannan amfani shi ne yadda suka yi awon. Da yawan tsofaffin Ibadan ba su taɓa riƙe fensir ba, kuma idan aka ce su kwafi zane a takarda sai su kasa ko su ƙi, alhali hankalinsu garau. Olusegun Baiyewu da abokan aikinsa suka fito da gwajin tsinken ashana, suka wallafa shi a 2005: mai gwaji ya jera tsinke huɗu a wata siffa, tsoho ya maimaita. Sannan ma'aunin da suka yi amfani da shi wajen tantancewa bai tsaya ga tsohon kaɗai ba, ana zaunar da wanda ke zaune da shi a tambaye shi abin da ya canza: yana mance inda ya ajiye kaya, yana ɓata a hanyar da ya saba, yana maimaita zance? Wato sun nemo yadda mutumin yake a da daga bakin waɗanda suka san shi, inda NFL ta nemo shi daga jadawalin launi.

Babu inda wannan tambaya ta fi fitowa fili kamar ƙasar Bagudo. Yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka sa wa hannu a ranar 14 ga Yunin 1898 ta raba Borgu biyu, ta bar Nikki ga Faransa, Bussa da Illo ga Ingila, ta kuma ja layin har bakin kogin Kwara, mil goma sama da tashar jiragen ruwan Illo. Albarkacin wannan layi, dangi ɗaya yau suna da ɗa da ya yi firamare da Ingilishi a Tsamiya ko Lolo, da wani da ya yi da Faransanci a Segbana, da na uku da ya sauke Alƙur'ani a makarantar allo, yana rubuta wasiƙa da ajami, amma a takardar asibiti za a rubuta masa sifili a gurbin shekarun karatu. Harshen gida kuma yana iya zama Hausa ko Dandanci ko Fulatanci ko Kyanganci ko Bokanci. Da wane mudu za a auna su? Gwajin haɗa 1 da A, 2 da B, ba shi da ma'ana ga wanda baƙaƙensa suka fara da alif da ba. Tambayar kwanan wata za ta kayar da manomin da ya san yau nawa ga Rajab amma bai damu da Janairu ba. Sai kuma ga ɗan kasuwar kan iyaka da ke juya naira zuwa sefa da ka kafin mai waya ya gama latsawa, wanda zai cinye gwajin ragin lissafi ko da ƙwaƙwalwarsa ta fara taɓuwa.

Haɗarin ta fuska biyu yake zuwa, amma ta biyun ta fi muni domin ba ta da hayaniya. Ana iya cewa lafiyayyen masunci yana da gigin tsufa don ya kasa zana agogo. Ana kuma iya kallon wanda ya faɗo daga kan babur, ya farfaɗo yana jan magana, a ce ai mutumin ƙauye ne, dama haka suke. Wannan jumla ita ce jadawalin NFL ba tare da lambobi ba. Inda Ba'amurke ya sa launi, ɗan boko na iya sa ƙauyanci ko ƙabila ko rashin Turanci. Kuma akwai kuɗi a ciki a nan ma: dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda asusun NSITF ke gudanarwa, da inshorar haɗarin mota, duk suna jingina ne ga rahoton likita a kan abin da mutum ya rasa.

Masu shan duka a ka kuwa ba su yi ƙaranci ba. Dambe, wanda asalinsa wasan rundawa ne na lokacin kaka, ya zama sana'ar shekara a gidajen dambe na birane, ana ɗaukarsa a waya ana kallo a YouTube har ƙasashen waje. Ana naɗe hannu da zare har ya yi tauri, ana neman kai da shi, kuma sunan nasara a wasan shi ne kisa. Ɗan Anace ya dawwamar da sunan Shago, amma ba a waƙe ɗan damben da ya kai shekara hamsin hannunsa na rawa yana mance sunayen 'ya'yansa, shi sai a ce iska ce ko sammu ko asirin da ya ci ne ya juyo masa. Ƙwallon ƙafar da ake bugawa a kowane fili ma ba ta tsira ba. Binciken Jami'ar Glasgow na 2019 a kan tsofaffin ƙwararrun 'yan ƙwallon Sikotlan fiye da 7,600 ya nuna sun ninka sauran jama'a kusan sau uku da rabi wajen mutuwa da cututtukan lalacewar ƙwaƙwalwa. Daga Yulin 2024 dokokin wasan suka ba gasanni damar ƙarin canji na musamman ga wanda ya bugu a ka. Takunkumin da Victor Osimhen ke sawa tun karon da ya yi a wasan Napoli da Inter a Nuwamban 2021 ƙashin fuska yake karewa, ƙwaƙwalwa kuwa tana girgiza a cikin ƙoƙon kai ko da takunkumi ko babu.

Gyaran da ya fi sauƙi shi ne wanda tsofaffin 'yan NFL ba su samu ba: a gwada ɗan wasa yana lafiya, kafin damben farko ko kakar farko, a harshen da yake mafarki da shi, a ajiye takardar, ta yadda duk ranar da ya bugu za a kwatanta shi da kansa. Ba ya buƙatar na'ura, tsinken ashana huɗu da jerin kalmomi goma da littafin rajista sun isa a fara. Idan abin ya kai ga tiyata, akwai cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, tafiyar sa'o'i daga Illo. Kafin a kai can, waɗanda ke riƙe da bayanin yadda ɗan damben yake a da su ne matarsa, da ubangidansa a sana'a, da makaɗin da ya shekara goma yana kiran sunansa a fili, wanda zai fara lura ranar da aka buga masa takensa ya tsaya yana kallo bai gane ba.